Kunnen Yehudi Menuhin

A ranar 10 ga Disamba 1967, a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Niyok, waɗanda suka halarci bikin ranar 'yancin ɗan Adam sun ga abin da ba a saba gani ba. Yehudi Menuhin, mutumin da ya shekara arba'in yana tsayawa ƙyam a gaban manyan ƙungiyoyin makaɗa na Turai da Amurka, ya hau dandamali ya zauna, ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora gogensa a kafaɗa. Ravi Shankar na gefensa rungume da sitar, wata molo ta Indiya, Alla Rakha kuma ya jera tabla a gabansa, wato tagwayen gangunan Indiya da ake kaɗawa da yatsu da tafin hannu. Kiɗan da suka yi Shankar ne ya tsara shi a kan wani kari na Indiya da ake kira Piloo. Menuhin yana da shekara 51 a lokacin, ya girmi Shankar da shekara huɗu, sunansa kuma ya daɗe da zaga duniya. Duk da haka a wannan zama shi ne ɗalibi, kuma ya sani, kuma da daɗin ransa ya zauna.

Mutane da yawa kan ce su kowane irin kiɗa suna ji. Galibi abin da suke nufi shi ne ba sa kashe rediyo idan an sauya faifai. Wannan haƙuri ne, haƙuri kuwa abin kirki ne, amma gwaninta tana gaba. Kowane kiɗa da inda yake ajiye daɗinsa. Wani a cikin kalmomi yake ajiyewa, wani a bugun ganga, wani a yadda sautuka uku ko huɗu ke tashi tare su jitu, wani kuma a 'yar tafiyar da ke tsakanin wannan sauti da na gaba. Mai kunnen kirki shi ne wanda ya san inda zai nema a kowane wuri, wanda ba zai je gaban makaɗan Indiya yana neman abin da Bach, mai tsara kiɗan Turai, ya saba ba shi, in bai samu ba ya dawo ya ce babu komai a can. Koyon wannan ya fi ƙarfin yadda ake zato, kuma ya fi wuya ga wanda ya riga ya ƙware a salo ɗaya, domin ƙwarewar kanta takan toshe kunne. Menuhin ya ƙware tun yana yaro, amma kunnensa bai toshe ba har ya bar duniya, shi ya sa nake ganin ya cancanci a tsaya a duba yadda ya yi.

An haife shi a Niyok ranar 22 ga Afrilu 1916. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Rasha, a San Faransisko kuma ya tashi. Kayan kiɗansa bayolin ne, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu da ake maƙalewa tsakanin haɓa da kafaɗa, ana goga shi da baka mai gashin wutsiyar doki. Yana ɗan shekara 7 ya fara fitowa gaban jama'a. A 1927, yana da shekara 11, ya yi kiɗan Beethoven a zauren Carnegie da ke Niyok. A 1929, a Balin, saura kwanaki kaɗan ya cika 13, ya yi manyan ayyuka uku a dare ɗaya, na Bach da na Beethoven da na Brahms, Bruno Walter yana jagorancin makaɗa. A 1932 dattijo Edward Elgar, mai shekara 75, ya tsaya da kansa ya ja ragamar ƙungiya a Landan, aka naɗi babban kiɗansa na goge da hannun yaro ɗan shekara 16, faifan da har gobe ake nema. Kafin gemu ya tsiro masa ya riga ya hau ƙololuwar kiɗan kilasika na Turai, babu kuma wanda zai zarge shi da ya zauna a can har tsufa.

To me wannan kiɗa yake nema daga mai saurare? Da farko dai a rubuce yake. Mai tsara shi yakan zauna da alƙalami ya zana kowane sauti a kan layuka biyar, ya nuna tsawonsa da ƙarfinsa da saurinsa, ya ba kowane makaɗi rabonsa. Tun da takarda ce ke riƙe da shi, ana iya gina abu mai tsawon minti arba'in wanda mutum tamanin za su kaɗa tare babu mai taka wani. Mafi yawansa kuma babu kalma ko ɗaya a ciki. Ga kunnen da ya saba jiran abin da mawaƙi zai faɗa, wa zai wasa, wa zai yi wa zambo, nan tuntuɓen farko yake: mutum ya yi ta jiran a fara waƙar, har a tashi ba a fara ba. Abin da ke tsaye a madadin kalmomi shi ne tunawa. Ana ba ka wani ɗan guntun kari tun da farko, ana so ka riƙe shi, domin duk abin da zai biyo baya labarin abin da ya sami guntun nan ne.

Ɗauki kiɗan goge da Beethoven ya rubuta a 1806, wanda Menuhin ya yi ta kaɗawa tsawon rayuwarsa. Da tambari yake farawa: bugu biyar a hankali, daidai wa daida, kafin kowa ya ce uffan. Wanda bai sani ba zai ɗauka makaɗin yana gwada fata ne. Alhali da wannan bugun aka gina kashin farko gaba ɗaya, fiye da minti ashirin. Jim kaɗan sai masu goge su karɓe shi a kan wani sauti da za ka rantse kuskure ne, sai can ka gane da gangan aka sa shi. Daga baya masu ƙaho su ɗauka, wani lokaci da ƙarfi har zauren ya amsa, wani lokaci yana can ƙasa a laɓe yayin da gogen gaba ke shawagi a sama. Daɗin yana wurin gane shi duk sa'ar da ya dawo a wata kama. Idan ka manta abin da ka ji minti goma da suka wuce, rabin daɗin ya wuce ka.

Abu na biyu shi ne jin murya fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma a nan babu kamar Bach. Wajajen 1720 ya rubuta ayyuka shida don goge shi kaɗai, ba fiyano, ba ganga, ba abokin tafiya. A cikin ɗayansu akwai kashin da ake kira Chaconne, mai tsawon kusan kwatan awa, inda wani ɗan tsari na gaɓa huɗu yake dawowa fiye da sau 60, kowane karo da sabon gini a kansa. Goge ɗaya ne, baka ɗaya ne, amma Bach ya shirya abin ta yadda kunne zai ji kamar mutum biyu ko uku ke zance. Makaɗi zai taɓa wani sauti a tsirkiyar ƙasa, ya bar shi ya haura sama ya yi ta yawonsa, kunnenka kuwa ya ci gaba da riƙe na ƙasan nan har a dawo masa. Ke nan wani ɓangare na kiɗan a cikin kan mai saurare ake yin sa. Menuhin ya naɗi dukkan shidan a faifai tsakanin 1934 da 1936. Irin horon da kunnensa ya sha ke nan: kunne mai tunawa, mai bin muryoyi da yawa, mai son kowane sauti ya faɗa daidai a mazauninsa tsaf.

Ƙofar da ta kai shi waje wani malami ne ya buɗe ta. George Enescu, ɗan Romaniya, makaɗin goge ne kuma mai tsara kiɗa, wanda ya yi karatu a Biyana da Faris, amma tun yana ƙarami a ƙauye kunnensa ya sha kiɗan makaɗan gargajiyar ƙasarsa, yawancinsu 'yan ƙabilar Roma, masu kiɗa a bukukuwan aure da wuraren shaƙatawa. Menuhin ya zama ɗalibinsa a Faris, a 1927 kuma ya bi shi zuwa Romaniya, inda ya ji waɗannan makaɗa da kunnensa a garin Sinaia. Mutane ne da ba sa duba takarda, suna jan sauti su lanƙwasa shi, suna sassauta lokaci su ƙara masa wuta yadda zuciya ta ba su. Yaron da aka horar a kan ya bi rubutu sau da ƙafa ya ga manya suna yin abin da nasa littafin ya hana, kuma babban malaminsa yana girmama su. Shekara guda kafin nan, a 1926, Enescu ya rubuta sonatarsa ta uku ta goge da fiyano a kan salon makaɗan nan, har da alamun sautukan da ke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu, waɗanda fiyanon kansa ba zai iya fitarwa ba.

Dama can kiɗan kilasika bai taɓa rayuwa da nasa abincin kaɗai ba. Cikin masu tsara shi, Debussy ya ji makaɗan tsibirin Jawa a bajekolin Faris na 1889, kiɗansa ya sauya. Dvořák ya zauna a Amurka daga 1892 zuwa 1895 yana sauraron waƙoƙin ibada na baƙar fata daga bakin wani ɗalibi, Harry Burleigh. Béla Bartók ya yi shekaru yana zaga ƙauyukan Hangari da Romaniya da na'urar ɗaukar murya, a 1913 har ya kai yankin Biskra a Aljeriya. Shi Bartók ɗin ne Menuhin ya nemi ya rubuta masa sonatar goge shi kaɗai, ya kuma fara kaɗa ta a Niyok a 1944. Masu cewa son Bach da son kiɗan ƙauye ba sa zama a kunne ɗaya ba su san tarihin abin da suke karewa ba.

Indiya ce babbar jarrabawa. Menuhin ya fara zuwa a 1952 bisa gayyatar Firaminista Nehru, a wannan tafiya kuma ya ji Ravi Shankar yana kiɗa a wani gida a Delhi. Wannan kiɗan daban yake da waƙoƙin fina-finai irin na Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi da masu kallo a Kano da Zinder suka sani, ko da yake da yawa daga waƙoƙin nan daga gare shi suka ɗebo karinsu. Shi ma kiɗan ilimi ne mai ƙa'idoji, sai dai daga baki zuwa kunne ake koyon sa. Shankar ya bar rayuwar yawon duniya da ƙungiyar rawa ta yayansa ya tare a ƙaramin garin Maihar a 1938, ya zauna a gaban malaminsa Allauddin Khan har 1944.

Kusan duk abin da kunnen Turai ya dogara da shi babu shi a nan. Kiɗan Turai tafiya yake yi: ya tashi daga sautin gida, ya yi nisa zuwa wasu, ya dawo, a kan hanya kuma sautukan da ke tafiya tare suna ta sauyawa. Na Indiya ba ya barin gida. Daga farko har ƙarshe akwai wata molo mai dogon wuya da ake kira tanpura tana ba da amo guda wanda ba ya yankewa, kowane sauti kuma da wannan amon ake auna shi. Wanda ya zo da kunnen Beethoven zai ce ai ba a je ko'ina ba. Abin da ya kamata ya saurara shi ne yadda kowane sauti yake zama a kan amon nan: wani ya kwanta lafiya, wani ya yi ta ja yana neman a sauke shi. Tsarin da ake kira raga shi ke faɗin sautukan da za a yi amfani da su, yadda ake hawa, yadda ake sauka, wanda ake daɗewa a kai, wanda ake shafa kawai a wuce, har da lokacin da ya dace a kaɗa shi, na asuba daban, na magariba daban. Ana buɗewa da kashin da ake kira alap, babu ganga, babu ƙidaya, makaɗi yana gabatar da sautukan ɗaya bayan ɗaya cikin natsuwa, a wurin manya yakan kai rabin awa ko fiye. Mai sitar kuma yakan ja tsirkiya gefe da yatsa, ya fitar da sauti huɗu ko biyar daga kaɗawa guda, suna narkewa cikin juna. A makarantar Turai zamewa daga sauti zuwa sauti ado ne da ake yi jefi-jefi, in ya yi yawa a kira shi sakaci. A nan shi ne maganar kanta.

Sai ganga ta shigo, wani lissafin kuma ya fara. Lokaci a wurinsu kewaye yake yi. Zagayen da aka fi amfani da shi yana da bugu 16, an raba shi huɗu-huɗu, bugun farko kuma, wanda suke kira sam, shi ne mahaɗa. Mai sitar zai kama tasa hanyar, mai tabla ya kama tasa, kowa yana rarraba lissafi yadda ya so, har ka ɗauka sun ɓata wa juna, sai kawai su dira tare a kan bugun farko. Akwai dabarar maimaita jimla guda sau uku ta yadda ƙarshen ta ukun zai faɗa daidai a kan mahaɗar. Masu sauraro da suka san kan abin suna ƙirgawa da yatsu, idan aka dira daidai sai ka ji zaure ya ɗauki sowa da jinjina a tsakiyar kiɗa. A zauren Turai ko tari ba a so, ko tafi sai an kai ƙarshe. Ladabin saurare ma sai an sake koyon sa.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne tazarar shekarun. Sun haɗu a 1952, ba su yi kiɗa tare a gaban jama'a ba sai a bikin kiɗa na garin Bath a Ingila, a 1966. Shekara 14 Menuhin yana saurare, yana tambaya, yana kuma tallata abin ga mutanensa. A 1955 ya shirya a kawo kiɗan Indiya Niyok. Shankar bai sami zuwa ba, sai Ali Akbar Khan, ɗan malaminsa, gwanin wata molo da ake kira sarod, ya je a madadinsa, aka naɗi faifai, Menuhin da bakinsa ya yi bayanin gabatarwa a cikinsa. Mutumin da ke da irin hannunsa, da ya so, cikin mako guda zai kwaikwayi 'yan lanƙwashe-lanƙwashen nan ya fito ya burge Turawan da ba su san bambanci ba. Bai yi haka ba. Sa'ad da ya ɗauki goge kuma, Shankar ya bari ya tsara masa abin da zai kaɗa, ya koya daga gare shi. Zaman ƙasan ma bai ba shi wahala ba, don tun tafiyar 1952 ya kama motsa jiki na yoga a hannun B.K.S. Iyengar. Shi kansa gogen ba baƙo ba ne a Indiya, makaɗan kudancin ƙasar sun karɓe shi tun ƙarni na 19, a zaune suke kaɗa shi, kansa a tokare da idon sawu.

Faifan da suka fitar a 1967, West Meets East, ya ci lambar Grammy. A gefe guda akwai kiɗan Shankar, ciki har da Prabhati, wanda aka gina a kan karin safiya. Idan aka juya faifan kuwa sonatar Enescu ta uku ce, ƙanwar Menuhin, Hephzibah, tana kan fiyano. Ina ganin wannan haɗin ba a banza aka yi shi ba. Wanda ya saurari gefe biyun a jere zai ji cewa lanƙwasar da yaro ya fara ji a Sinaia ita ce ta shirya kunnen magidanci ya karɓi ta Delhi.

Da kiɗan jaz abin bai zo masa da sauƙi haka ba, kuma a nan ne na fi ganin girmansa. A ƙarshen 1971 wani shirin talabijin na BBC da Michael Parkinson ke gabatarwa ya haɗa shi da Stéphane Grappelli. Shi Grappelli an haife shi a Faris a 1908, ya tashi cikin talauci, ya fara neman abinci da goge a kan titi da gidajen sinima na zamanin da fim ba ya magana, a 1934 kuma suka kafa ƙungiya da Django Reinhardt, ɗan ƙabilar Roma mai jita, wanda gobara ta lalata masa yatsu biyu na hannun hagu amma bai fasa zama gwani ba. A shirin sun kaɗa wani tsohon kiɗan rawa mai suna Jalousie, abin ya yi armashi, faya-fayai da dama suka biyo baya daga 1973.

Ga yadda jaz yake aiki. Ana ɗaukar waƙar da kowa ya sani, irin ta Gershwin, mai gaɓa 32 galibi, a kaɗa karinta sau ɗaya yadda yake. Daga nan masu fiyano da jita da babban goge mai muryar ƙasa su ci gaba da zagaya ginshiƙan waƙar, makaɗin gaba kuma ya ƙirƙiro sabon kari nan take a kansu, wanda bai taɓa kaɗawa ba kuma ba zai sake kaɗa irinsa sak ba. Mai saurare yana rera tsohuwar waƙar a zuci yana jin yadda sabon karin ke nisa da ita, ya dawo ya shafe ta, ya sake tafiya. Sa'annan ga rangajin lokaci: sautuka biyu da a takarda tsawonsu ɗaya, a jaz na farkon yakan ɗan fi tsawo, nauyi yakan faɗa a bugu na biyu da na huɗu, gwani kuma yakan ɗan jinkirta kamar ba zai iso ba, sai ya iso. Babu alƙalamin da zai iya rubuta adadin jinkirin nan. A jiki ake ɗaukar sa.

Menuhin bai iya ƙirƙira nan take ba, bai kuma ɓoye ba. Nasa kashin rubuta masa ake yi ya koya, Grappelli kuwa ya zo ya zuba nasa yadda ya sauka masa a wannan rana. Duk wanda ya saurari faya-fayan zai ji bambanci: sautin Menuhin mai kauri ne, cike, kowane ɗigo an ba shi haƙƙinsa, na Grappelli kuwa shafal, yana tafiya kamar bai taɓa ƙasa ba. A filin jaz Grappelli ne gaba, nesa ba kusa ba. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin hujjar cewa da ya tsaya a gidansu. Ni ban gan shi haka ba. Mutum mai shekara 55, wanda duniya ta sallama masa, ya yarda ya tsaya gefen wanda ya fi shi a wani fanni, a gaban kyamara, kowa yana ji yana kwatantawa. Ba zai yi haka ba sai don kunnensa ya kai ya gane daidai abin da Grappelli yake yi da kuma wuyarsa. Hannu yana da iyaka, yana bin abin da aka saba masa tun yarinta. Kunne ya fi shi nisan zango, kuma shi ne rabon da kowa zai iya samu, ko da bai taɓa riƙe baka ba.

Masu sukar irin waɗannan haɗe-haɗe suna da gaskiyarsu, ba na musu. Sau da yawa akan ɗora sitar ko kalangu a kan kiɗan da bai san da zamansu ba, don kawai a ce an haɗa Gabas da Yamma, a fito da abin da bai gamsar da kowane ɓangare ba. Alamar da nake dubawa ita ce wa ya sauya rawa da kiɗa ya sauya. Idan baƙon ya zo da ma'auninsa yana so masu gida su bi, abin ba ya daɗewa. A wurin Menuhin shi ne yake sauyawa: a gaban Shankar ya bi ƙa'idar raga, a gaban Grappelli ya bi ta jaz, washegari kuma ya koma wa Bach bai rage masa komai ba.

Mai saurare na yau, wanda duk kiɗan duniya ke cikin wayar aljihunsa, hanyar ɗaya ce gare shi, sai dai ta fi sauƙi. Kada ya yanke wa baƙon kiɗa hukunci a jin farko, domin a jin farko kunne abin da ya rasa yake ƙirgawa. Ya zaɓi abu guda ya maimaita shi. A kiɗan Beethoven ya bi bugun tambarin nan kawai ya ga sau nawa zai kama shi. A na Shankar ya ƙirga 16 da yatsu har ya fara hango mahaɗar kafin ta zo. A na Grappelli ya fara sanin waƙar ta asali. Wanda ya taso yana bambance gogen Garba Liyo da kuntigin Ɗan Maraya, yana gane abin da kalangu ke faɗa, ya riga ya san cewa kowane kayan kiɗa da yadda ake ba shi kunne. Abin da ya rage masa ya yarda cewa na mutanen nesa ma haka yake.

Menuhin bai bar abin ya tsaya a kansa ba. Ya shugabanci majalisar kiɗa ta duniya da ke ƙarƙashin UNESCO daga 1969 zuwa 1975, a lokacinsa aka ware ranar 1 ga Oktoba ta zama ranar kiɗa ta duniya. A 1977 ya kafa Live Music Now, mai aika matasan makaɗa asibitoci da gidajen tsofaffi da gidajen yari. Ya rasu a Balin ranar 12 ga Maris 1999. Amma inda aka fi ganin tasirin kunnensa shi ne makarantar da ya buɗe a Ingila a 1963 don yara masu baiwar kiɗa, inda ya kai Grappelli ya yi wa ɗalibai kiɗa, don su sami abin da shi bai samu ba yana ƙarami. Cikinsu akwai wani yaro, Nigel Kennedy, wanda ya shiga makarantar yana ɗan shekara 7. Yana da shekara 16, yana karatu a Niyok, Grappelli ya kira shi su yi kiɗa tare a zauren Carnegie, malamansa na can suka gargaɗe shi cewa hakan zai ɓata masa suna a fagen kilasika, ya hau dandamalin duk da haka. A 1984 Kennedy ya naɗi kiɗan goge na Elgar, wanda Menuhin ya naɗa a 1932, faifan ya ci babbar lambar mujallar Gramophone. A cikin shekarar kuma ya fitar da faifan jaz, shi da mai fiyano, nasa kashin kuwa da kansa ya ƙirƙira shi a wurin.